Jatan Landen Densu da Volta: A Kama da Gura, a Daina Zuba Guba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu, ka kuma yi haƙuri da tsawon maganar, don sana'a ce da ba ta bayyanuwa a layi biyar. Mu masunta ne mazauna zangunan Accra, kuma maganar jatan landen ruwan daɗi ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Kasuwarsa a buɗe take. Duk wanda ya bi hanyar Akosombo ya ga mata a Kpong da Atimpoku suna kewaye mota da soyayyensa a tire, haɗe da abolo. Masu waakye a Nima da Maamobi ba sa kammala shito sai da garin busasshensa, wani daga teku, wani daga kogi. Samarinmu da ba su da aiki sun gane haka, kuma ba laifi ba ne su nemi halal ɗinsu a ruwa. Laifin shi ne yadda wasu ke shiga sana'ar ba tare da sanin halin dabbar ba. Wani ya kalli bidiyon Amurka a waya ya kwaikwaya, ya kwana bakwai bai kama komai ba ya haƙura. Wani kuma ya ga gura, wato tarkon da ake saƙawa a ɗana a ruwa, tana da wahala, sai ya sayi kwalbar maganin feshi ya juye a rafi da dare. Wannan na biyun shi ya fi tayar mana da hankali, amma bari mu fara da yadda ake aikin a kan daidai, domin wanda ya iya gura ba ya buƙatar guba.

Wanda ake gani a bidiyon Luwiziyana ta Amurka, jan nan mai gajeren jiki da yake haƙa rami a gonar shinkafa, babu shi a rafukan Ghana. Kada ma wani ya yi sha'awar shigo da shi don kiwo. An kai shi tafkin Naivasha na Kenya wajen 1970, an kai shi Masar ya bazu a kogin Nilu, kuma inda ya shiga yakan cinye ciyawar ruwa, ya rarake gaɓa da bangon magudanan ban ruwa, in ya zauna kuwa ba a iya fitar da shi. Namu dogo ne, launinsa tsakanin toka da ruwan ƙasa, babban namiji yakan kai santimita 15 zuwa 18 ban da dogayen hannuwansa biyu masu matsewa. Akwai wani kuma gajere mai kauri, mai duhun jiki, da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Shi wannan gashi ne a hannuwansa na gaba, da shi yake tace abinci daga ruwa, don haka abincin tarko bai dame shi ba. Mai gura ya bar shi, ya nemi dogon.

Abin da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya haddace shi ne yadda dogon yake haihuwa. Mace tana ɗauke da ƙwanta a ƙarƙashin ciki, dubbai masu yawa, tsawon mako biyu zuwa uku. Ƙwan yana farawa da launin lemo, in ya kusa ƙyanƙyashewa sai ya yi duhu ya koma toka-toka. 'Ya'yan da suka fito ba sa rayuwa a tsantsar ruwan daɗi. Dole ruwa ya gangara da su zuwa inda kogi ke gauraya da teku, kamar bakin Volta a Ada ko bakin Densu a wajen Tsokomey da Bortianor, in ba haka ba cikin 'yan kwanaki su mutu. A can suke yin makonni, sannan su juyo suna hawa kogi ta gefe-gefe da dare, suna girma suna tafiya. Ke nan duk babban jatan landen da aka kama a Asutsuare ko Sogakope, daga bakin teku ya taso. Shi ya sa madatsar ruwa take cutar da shi fiye da yadda take cutar da tarwaɗa ko karfasa. A kan Volta an gama madatsar Akosombo a 1965, ta Kpong a 1982, a kan Densu kuma ta Weija a ƙarshen shekarun 1970, kuma kowacce katanga ce a hanyar 'ya'yan da ke hawowa. Mai neman jatan lande ya nemi ƙasan madatsa, wato tsakaninta da teku, da ƙananan rafuka da fadamun da ke haɗe da wannan ɓangaren. Kududdufin da ba ya taɓa haɗuwa da kogi ko a lokacin ambaliya, kada a ɓata gura a cikinsa.

Ita gura da gwangwalar tukurwa ake saƙa ta ko da tsagaggen gora. Tukurwa ta fi sauƙin lanƙwasawa, gora ya fi daɗewa. A tsaga sanduna masu kaurin fensir ko ƙasa da haka, a kankare gefunansu don kada su yanki hannu ko su tsinke igiya. Tsawon gura ya kai santimita 60 zuwa 70, faɗin bakinta 25 zuwa 30. A yi zobe uku na icce mai lanƙwasuwa, ɗaya a baki, ɗaya a tsaka, ɗaya kusa da gindi, a jera sandunan a kansu a ɗaure da igiyar nailan siririya. Tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ita ce wurin da ake gane gwani: kamar santimita ɗaya, yadda kan ƙaramin yatsa zai shiga. In ta fi haka matsewa, ruwa ba ya ratsawa sosai, ƙanshin abinci ba ya fita, laka ta taru, sannan ƙananan da ba su isa ci ba su kasa fita. In ta fi haka faɗi, matsakaita za su ci abinci su yi tafiyarsu.

Sai mazurari, wanda shi ne ran gura. Ana saƙa shi daban, bakinsa daidai da bakin gura, yana tsukewa zuwa ciki tsawon kamar santimita 20, ƙarshensa ya bar rami mai faɗin yatsa uku, wato santimita 4 zuwa 5. A bar kan sandunan ciki da tsini, suna ɗan lanƙwasawa in an tura daga waje, suna tokarewa in an zo daga ciki. Ramin ya kasance a tsakiya, a sama da ƙasan gura, kada ya kwanta a ƙasa, domin jatan lande yana tafiya ne a ƙasa yana lalube, in ramin yana daidai ƙafarsa zai sami hanyar fita kafin gari ya waye. Ramin da ya wuce yatsa huɗu kuwa ƙofa ce ga tarwaɗa, ita kuma in ta shiga sai ta cinye abin da aka tara. Wanda ya iya, ya sa mazurari na biyu a tsakiyar gura. Aikin ya ƙaru, amma ɗakin baya yana riƙe abin da ya shiga, kuma yana raba sababbin shiga da waɗanda suka riga su. Gindin gura a tattara sandunan a ɗaure da robar tub, yadda za a kwance a zazzage a sake ɗaurewa.

Mai son ragar waya ya sayi mai idon rabin inci, ya naɗe ta a kan wannan awon. Tana da saurin haɗawa amma tana tsatsa, musamman kusa da ruwan gishiri, kuma tana da haske a ruwa, sai an lulluɓe ta da ganyen kwakwa. Gorar roba da ake yanke wuyanta a juya shi ciki tana kama ƙanana ne kawai, iska ba ta ratsa ta, abin da ya shiga ya mutu kafin safe, sannan a bar robar a ruwa. Gidan sauro kuwa, don Allah a bar shi a kan gado. Idonsa ba ya barin ko ɗan da ya fito daga teku jiya.

Sabuwar gura ba a kai ta aiki ranar da aka gama ta. A jiƙa ta a ruwa kwana biyu ko uku, warin ɗanyen icce ya fita, ta sha ruwa ta daina tasowa. Da yawa daga masu cewa gurarsu ba ta kamu, sabuwa ce suka ɗana.

Abincin tarko ba tsada gare shi ba. Kwakwa da aka ɗan gasa a wuta har man ya fito ta fi komai, don ƙanshinta yana daɗewa kuma ba ta narkewa. Rogon da ya kwana biyu a jiƙe yana yi, 'ya'yan kwakwar manja da aka ɗan daddaka suna yi, ragowar dokunu ma haka. Kan kifi da kayan cikin kaza suna jan jatan lande da sauri, amma suna jan ƙaguwa da tarwaɗa da guza, su kuma su yayyaga gura. A fadamar da ƙaguwa ta yi yawa, a tsaya a kan kwakwa da rogo. Yawan abincin bai wuce girman akwatin ashana biyu ba a kowace gura. A ƙulle shi a tsumma ko a sa a gwangwanin da aka huhhuda, a rataye a tsakiyar ɗakin baya, kada ya taɓa bango. In ya taɓa bango, daga waje za su tsaya su ci ta tsakanin sanduna, ba wanda zai shiga. In an bar shi a sake, na farkon shiga su cinye, ƙanshi ya ƙare tun tsakar dare. Abincin da ya ruɓe ya yi ɗoyi a zubar da shi a tudu. Jatan lande yana son mai ƙanshi, ruɓaɓɓe kuwa yana ɓata ruwan cikin gura ya kashe abin da aka kama.

Da rana jatan lande a ɓoye yake, a saiwoyin itatuwan da suka shiga ruwa, a ƙarƙashin dutse ko rubabben gungume, ko a inda ruwa ya ci gaɓa ya yi rumfa. Da dare yake fitowa kiwo, kuma ba ya nisa da maɓoyarsa. Saboda haka gura tana zama a gefe, taku ɗaya ko biyu daga irin waɗannan wurare, a zurfin gwiwa zuwa ƙugu. Tsakiyar kogi mai yashi fili ba komai. A nemi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, kamar bayan kwana ko bakin da ƙaramin rafi ke shiga babba. Bakin gura ya kalli inda ruwa ya nufa, ba inda ya fito ba. Dalilin shi ne ruwa yana ɗaukar ƙanshi ya gangara da shi, jatan lande ya biyo ƙanshin yana hawowa, sai ya tarar da baki a gabansa. In aka juya bakin sama, shara da ganye ne za su cika mazurari. A share ƙasa da ƙafa yadda gura za ta kwanta ba rata a ƙarƙashinta, a sa dutse a ciki ko a kanta, a kafa turke a ɗaure, a rufa mata ganyen kwakwa ta yi duhu. Tsakanin gura da gura a bar taku goma. Mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa, gura ashirin zuwa talatin sun ishe shi. Fiye da haka rana za ta yi kafin ya gama ɗagawa.

A fadama da ruwa ba ya gudu akwai wata matsala. Ganye yana ruɓewa a ƙasa yana cinye iskar da ke cikin ruwa, kuma iskar ta fi ƙaranci gab da asuba, musamman inda kainuwa ta rufe sama gaba ɗaya. Jatan landen da yake sake yakan hau ciyawa ya matso sama, wanda ke cikin gura kuwa ba shi da inda za shi. A irin wannan wuri a ɗora gura a gefe mara zurfi, bayanta ya ɗan fito daga ruwa kamar faɗin tafin hannu. Inda laka ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai in an taka, a wuce. Kusa da bakin teku kuma a lura da cika da janyewa, sau biyu ne a yini. Wanda ya ɗana lokacin da ruwa ya cika zai iya dawowa ya tarar da gurarsa a kan busasshiyar laka, tsuntsaye sun riga shi. A auna wuri lokacin da ruwa ya janye.

Ana ɗanawa tsakanin la'asar da magariba, a ɗaga bayan sallar asuba da zarar an iya ganin ƙasa. Masunta sun daɗe da lura cewa daren duhu ya fi daren farin wata kamu, haka kuma kwana biyu ko uku bayan ruwan sama, lokacin da rafi ya fara washewa amma bai gama ba. Ranar da ake tsammanin ruwa mai ƙarfi, ko aka ba da sanarwar za a buɗe ƙofofin Weija ko na Akosombo, a kwashe gura gaba ɗaya. Waɗanda suka ga ambaliyar da ta ci garin Mepe da kewayenta lokacin da aka buɗe ƙofofin Akosombo a 2023 sun san ƙarfin wannan ruwa, ba gura kaɗai yake tafiya da ita ba.

Barin gura ta kwana biyu ba a duba ba asara ce, ba ƙari ba. Jatan lande yana saɓa don ya girma, kuma wanda ya saɓa jikinsa taushi ne, 'yan'uwansa za su cinye shi a cikin gura. Manyan maza suna faɗa su karya wa juna hannu, mai karyayyen hannu kuwa kuɗinsa ya ragu. Wajen ɗagawa a fara ɗaga baki sama, gindi a ƙasa. Kada a zura hannu kafin a duba, don minjirya tana son gura, maciji ma yakan shiga. A kwance gindi a zazzage a kwando, a kama babban namiji ta baya, a bayan kai. A nan bakin ruwa ake tsincewa. A juya cikin kowace mace, mai ƙwai a mayar da ita a hankali inda aka same ta, haka duk wanda bai kai tsawon babban yatsan tsakiya ba. Wasu sukan kankare ƙwan da farce don a saya ba a gane ba. Wannan ha'inci ne ga mai saye, kuma zalunci ne ga sauran masunta.

In gura ta yi kwana uku ba kamu, ruwa ba ya tsami banza. A duba ko mazurari ya buɗe, ko wata sanda ta karye a ƙasa, ko gura tana lilo saboda turke ya saki, domin abin da ke motsi ba sa shiga. A duba ko gansakuka ta toshe tsakanin sanduna. Duk mako a fitar da gura a goge ta a shanya a inuwa yini guda, kada a bar ta a rana mai zafi sandunan su tsage. In duk wannan lafiya, wurin ne ya ƙare, a matsa gaba a bar shi ya huta mako biyu. In kuwa an ga matattun ƙananan kifi da ƙaguwa a gefe, wani ya riga ya zuba wani abu a sama.

Bayan kamu ma ana asara da yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba su a bokitin ruwa a rufe. Cikin ɗan lokaci suke shanye iskar su mutu. Gara kwando da jiƙaƙƙen buhu ko ɗanyen ganye a sama, a inuwa, za su yi 'yan sa'o'i da rai. Da zarar jatan lande ya mutu, abin da ke cikin kansa na narkar da abinci yakan fara narkar da naman, shi ya sa na ruwan daɗi yake saurin yin laɓo-laɓo. Mai kai wa gidajen abinci a Osu ko kasuwar Makola ya tafi da kula da ƙanƙara, kilo ɗaya ga kowane kilo ɗaya, a jera shimfiɗa-shimfiɗa, a bar hanyar da ruwan narkewa zai tsiyaye. In za a ajiye fiye da yini, a cire kai. A raba manya da matsakaita, don haɗa su yana jawo a saya duka a kuɗin ƙanana.

Wanda za a busar, a tafasa ruwa lita huɗu da gishiri cikin ƙaramin gwangwanin madara ɗaya, a zuba jatan lande minti uku zuwa biyar har ya yi ja ya lanƙwashe, a tsane, a baza a kan raga a bisa, ba a ƙasa ba. Rana mai kyau kwana biyu ko uku. Da damina a sa a murhun banda irin na Chorkor, wuta kaɗan, ana juya tire. Ya bushe in ɓawo yana murƙushewa a yatsa, naman yana karyewa ba ya lanƙwasa. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya, a yi lissafin wannan kafin a yanka kuɗi. Kada a fesa masa maganin ƙwari don korar ƙuda, raga mai ƙaramin ido ta isa. Kuma kowane iri ne a dafa shi sosai kafin a ci, shi da ƙaguwa, saboda ɗanyensu yana iya ɗaukar tsutsar da ke kama huhu.

Akwai ruwan da ba a kamu a cikinsa ko da ya cika da jatan lande. Odaw da tafkin Korle, inda gotocin Nima da na sauran unguwanni ke zubewa, ba wurin abinci ba ne. Haka kogunan da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar ruwan kunu, irin su Pra da Offin da Ankobra da Birim, domin dabbar tana kiwo ne a laka, kuma a laka gubar haƙar zinariya take kwanciya.

Malam Edita, ga abin da ya sa muke ganin maganar ta wuce ta ciniki. Jatan lande yana cin ƙananan katantanwar ruwa, su kuma katantanwar nan su ne masu renon ƙwayar tsargiya, ciwon da ke sa yara fitsarin jini. Bayan an datse Volta, tsargiya ta yi yawa ƙwarai a garuruwan bakin tafkin. A Senegal ma haka aka gani bayan an gama madatsar Diama a 1986. A can masu bincike suka zuba irin wannan jatan landen namu a wata mashaya da aka kewaye da raga, katantanwa ta ragu, sake kamuwar mutanen ƙauyen ma ta ragu, an kuma buga sakamakon a 2015. Ke nan duk rafin da aka share jatan landensa, an bar wa katantanwa fili. Shi kansa masunci ya kiyaye: ya sa takalmin roba mai tsawo, ya gama aikinsa da sassafe, don ƙwayar ta fi fitowa daga katantanwa daga hantsi zuwa azahar. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, akwai maganinta. Kuma a daina fitsari da bayan gida a ruwa, ta nan ƙwayar take komawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu.

To, sai guba. Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne a halitta, don haka maganin da ake fesa wa kabeji da tumatir yana kashe shi da ɗan abin da bai kai ya kashe babban kifi ba. Mai zubawa yana tsayawa a ƙasa da kwando yana tsintar waɗanda suka fito gefe suna magagi. Abin da ya tsinta kaɗan ne daga abin da ya kashe. Masu ƙwai sun tafi, 'ya'yan da ke hawowa sun tafi, ƙaguwa da ƙananan kifi sun tafi, maganin kuma ya gangara zuwa inda mata ke ɗibar ruwa da inda shanu ke sha. Mai gura yana komawa wuri ɗaya shekara da shekaru. Mai guba dare ɗaya yake ci, sai ya nemi wani rafin, abin da ya kama kuwa cikin 'ya'yan mutane zai shiga. Tun a dokar kamun kifi ta 2002 aka haramta kamu da guba da nakiya a Ghana, kuma haramcin yana nan. Manoman lambu na gefen rafi su ma su ji: wanke injin feshi a cikin ruwa ko jefa kwalbar da ta ƙare yana yin irin wannan ɓarnar ko da ba a yi nufi ba. A ɗebi ruwa a bokiti a wanke a tudu, nesa da gaɓa. Mai saye kuma ta sa ido. Kwandon da aka kawo manya da 'yan mitsi-mitsi da masu ƙwai a haɗe, duk matattu, yana ɗan warin magani, ta tambayi yadda aka kama shi.

Wata magana ga samarinmu na zango: ruwa yana da masu shi. Kafin a kafa turke a ƙauyen Ga ko Ada ko Ewe, a je a gaida sarkin gari da shugaban masunta, a tambayi ranar da ba a shiga ruwa da wurin da aka keɓe. Masuntan Ga ba sa fita teku ranar Talata, wasu koguna da tafkuna ma suna da nasu ranakun. Tafkin Weija ruwan shan yammacin Accra ne, yana da nasa dokokin. A sa wa gura alama, kada a taɓa ta wani ko da an ga ta cika.

Matan da ke tsintar kawa, wato dabbar ruwan nan mai ɓawo biyu, a bakin Densu sun yi abin koyi. Da kansu suka yarda su rufe tsinta wajen wata biyar a kowace shekara, kuma suna tsare wannan yarjejeniya. Jatan lande ya fi ɗaukar ƙwai da damina, wato a nan kudu daga Afrilu zuwa Yuli, sai kuma ƙaramar damina daga Satumba zuwa Nuwamba. Ba mu ce a daina kamu tsawon wannan lokaci ba, mun san iyali na jira. Roƙonmu shi ne sarakunan zango da limamai su tara masunta da masu lambu, a gayyato jami'an hukumar kamun kifi, a tsayar da magana uku a bainar jama'a: tazarar sandunan gura kada ta gaza santimita ɗaya, mai ƙwai a mayar da ita ruwa, wanda aka kama da guba a miƙa shi ga hukuma ko ɗan wane ne. Iyayenmu mata na kasuwar Nima da Mallam Atta da Kaneshie kuma su riƙa juya cikin jatan lande kafin su biya, in sun ga ƙwai ko alamar an kankare, su mayar wa mai shi kayansa.

Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka. Wassalam.

Naka,
Wasu masunta daga Sabon Zango da Ashaiman